Yadda Aniello Ya Kai Ƙwan Kifi Wankan Magani

Aniello ƙanin mijina ne. Ranar da aka kawo ni gidansu yana ɗan saurayi mai manyan kunnuwa, shi aka ba akwatin kayana ya ɗauka, ya gangaro da shi a matakala har tasoshina suka watse a titi. Tun daga ranar bai daina ba ni aiki ba. Yanzu furfura ta kai masa har gira, mijina Costanzo ya daɗe da kwanta dama, Allah ya jiƙansa, amma har gobe in Aniello ya zo wucewa ta ƙofata sai ya ƙwanƙwasa taga.

"Titina, matar yaya, kin gama damun Allah ko in dawo anjima?"

"Da saura," nakan ce masa. "Ban ma zo kan zunubanka ba."

Sana'arsa guda ce tun tashinsa, kamun kifin tawada. Sauran masuntan tsibirinmu Ischia kowa yana taɓa wannan ya taɓa wancan, shi kuwa in ba wannan halitta mai hannuwa a baki ba, babu ruwansa. Yakan ce kifin da bai iya sauya launi ba, bai iya fesa wa maƙiyinsa baƙin ruwa a ido ba, ai bai kai a tashi da asuba dominsa ba. Idan sanyi ya fara janyewa, suka matso bakin gaɓa don yin ƙwai, sai ya fito da matarsa ta biyu. Haka Brigida, matarsa ta gaskiya, take kiranta. Wani guntun katako ne da ubansu ya sassaƙa da siffar macen kifin, aka manna masa gutsattsarin madubi a gefe. Yana ɗaure ta da igiya a bayan kwale-kwale, ya riƙa tuƙi a hankali. Namiji ya hango mace, ya taso da rawar jiki, ya iso ya ga wani ƙato a madubi ya riga shi, ya cakume shi da faɗa, sai Aniello ya sa koma ya kwashe shi.

Brigida takan ce, "Maza ke nan, a ruwa da tudu. Katako ya ruɗe su, inuwarsu ta kashe su."

Shi kuma ya ce, "Ni ma ai haka kika kama ni, sai dai ke madubin ma babu."

Banda katakon yana da kwandunan kamu da yake nutsarwa da rassan lauro a ciki, irin ganyen da muke sa wa a miya. Matan kifin suna son su ɗaura ƙwansu a jikin reshe, sai su shiga su kasa fita. Ƙashinsu kuwa, farin nan mara nauyi mai kama da ƙaramin jirgi, ba ya zubarwa. Yana shanya shi a rufin ɗaki ya raba wa masu kanari a unguwa su sa a keji tsuntsu ya riƙa wasa baki, shi ya sa duk gidan da tsuntsu ke kuka Aniello yana da kofin gahawa a can.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne. Mu duka a tsibirin nan mun yarda da ruwan zafin da ke fitowa daga ƙasa. Uwata a cikinsa ta gasa ƙafafunta har ta mutu tana tafiya da kanta. Amma Aniello ya wuce kowa. A wurinsa duk ruwan da ya yi kumfa magani ne. Ya kai gwiwarsa, ya kai basir ɗinsa, ya kai karen maƙwabci mai ƙazuwa. Akwai shekarar da ya tsoma wata kaza mai ɗingishi a maɓuɓɓuga, ta fito rabinta a fige, ya rantse ta fi tafiya daidai. Ya taɓa ba Brigida shawara ta je ta jiƙa harshenta, ya kwana biyu yana cin abinci a gidana.

'Yarsu ɗaya, Fortuna. Ta yi aure ta daɗe shiru. Uwar ta riƙa kunna kyandir wa Santa Anna, waliyyiyar nan kakar Yesu, wadda masu neman haihuwa da masu ciki ke kai wa kuka, uban kuma ya riƙa kwasar ta da mijinta zuwa wanka daga wannan maɓuɓɓuga zuwa waccan, har yaron ya fara ɓuya in ya ji muryarsa. Da Allah ya kawo cikin, gardama ta kaure a gidan a kan wa ya yi aikin, kyandir ko ruwa. Ni dai ban sa baki ba. Na san wanda ya yi.

Wata safiya a cikin Afrilu na dawo daga coci na tarar da Aniello zaune a dokin ƙofata. Bai ƙwanƙwasa taga ba, bai tsokane ni ba. Tafin hannunsa baƙi ƙirin.

"Lafiya, Anié?"

"Fortuna ta ga jini. Likita ya ce ta kwanta, kada ta ɗaga ko cokali sai ta haihu."

Na zauna kusa da shi. Ya ce yana bakin gaɓa yana kankare kwanduna aka kira shi a waya. Kowane masunci haka yake yi: ƙwan da aka ɗaura a jikin kwando, curi-curi baƙaƙe kamar inabi, wuƙa ake sa wa a kankare a watsar, don kwando ya yi tsabta. Shekara da shekaru yana yi bai taɓa dubawa ba. Ran nan da ya ajiye wayar sai ya ga ɗaya ya fashe a hannunsa, da wani ɗan abu a ciki mai idanu.

"Titì, daga can ban zame ko'ina ba sai ɗakin ibadar Santa Anna da ke kan duwatsu. Na yi bakance."

"Na me? Kyandir? Tafiya ba takalmi?"

"Na ce mata, ki riƙe mini na cikin Fortuna, ni kuma zan riƙe na cikin teku. Ranar bikinki zan mayar wa ruwa 'ya'yan kifin nan da hannuna, rayayyu, waɗanda suka iya ciyar da kansu."

Na dube shi. Bikin Santa Anna ƙarshen Yuli ne, haihuwar Fortuna kuwa sai cikin Agusta. Wato ya ɗaura wa kansa biya kafin a ba shi.

"Kai da ba ka taɓa raya ko tumatir a tukunya ba? Me ya hana ka ce kyandir kamar kowa?"

"Na riga na faɗa. Ta ji."

Ba a wasa da bakance, wannan ko ni ban musa ba. Ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kada su kankare, su yanko masa reshen gaba ɗaya. Suka yi ta yi masa dariya suna kiransa ungozoma, amma suka kawo. Ya saƙa wani babban kwando mai ƙananan idanu ya jera rassan a ciki. Sai maganar inda za a ajiye.

A gindin dutsen da tsohuwar fada take, akwai wurin da teku ke kumfa dare da rana, kamar an sa tukunya a wuta a ƙarƙashi. Da na ga ya nufi can da kwandon, sai na tare shi.

"Anié, ina za ka da su?"

"Wanka. 'Ya'yan bakance ne, ba za su tashi a ruwan kowa da kowa ba. Za su fito kamar bijimai."

"Ka taɓa duba katantanwar wurin? In ka matsa ta da yatsa sai ta ruguje kamar ɓawon ƙwai. Ina yarinya mun sha tsinta."

"Tsofaffi ne. Su ma jinya suka je."

Wani ɗan reshe ya ƙi shiga kwandon, ƙwansa ƙanana, ba su da kyan gani. Ya jefo mini a cinya.

"Ungo, matar yaya, ga na talakawa. Ki yi musu addu'a, tunda ita kika iya."

Matakalar bayan gidana a cikin teku take ƙarewa, nesa da kumfar. Akwai wani zoben ƙarfe da Costanzo ke ɗaure jirginsa. Na sa reshen a tsohon kwandon cefane, na rufe bakinsa da yadin labule, na ɗaure a zoben. Kowace safiya in na dawo daga coci sai na jawo na leƙa, na karanta musu abin da ya sawwaƙa, na mayar.

Ana nan sai ga Ornella, 'yar Filomena mai burodi, wadda ta yi karatu mai zurfi a kan teku take aiki da masu binciken da ke nutso a wajen kumfar nan. Ta same mu a bakin gaɓa, gashinta na ɗigar ruwa.

"Kawu Aniello, kwandon wa aka ɗaure a jikin alamar da muka kafa a ruwa?"

"Nawa ne. Ya tare miki hanya, Dakta? Ke da na sha goge wa majina?"

"Har yanzu kana bina bashin hankici, na sani. Kawu, ka cire ƙwan nan daga wurin."

"Don ku sha maganin ku kaɗai? Ina ganinku. Daga ƙasashe masu nisa ake zuwa, da tulun iska a baya, a wuni ana jiƙa a ciki. In babu amfani me ya kawo su?"

Ornella ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Wallahi ba wanka muke ba. Sa hannunka ka ji, ruwan ko ɗumi babu. Iska ce ke fitowa daga ƙasa, irin ta cikin lemon kwalba, irin wadda hayaƙin inji ke zubawa a sama teku ta shanye. Tana sa ruwa tsami. Ba tsamin da harshe zai ji ba, amma duk mai ɓawo yana ji a jikinsa. Muna zuwa ne don teku duka can ta nufa a hankali, wannan ɗan wurin ya riga ta isa. Muna leƙen abin da jikokinku za su tarar."

"To me zai yi wa ƙwaina?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, ba mu gama sani ba. A tankunan gwaji wasu kan fito ƙanana, wasu ƙashinsu ya yi nauyi, wasu su yi sanyin farauta. Wasu kuma ka ga kamar babu abin da ya same su."

"Ashe ba ki sani ba."

"Na san dai in nawa ne ba zan ajiye su a can ba."

"Naki ba na bakance ba ne," in ji shi, ya gyara hularsa.

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Na san mutanen gidan nan tun kafin a haife ta. Costanzo ma haka yake, in ya kafe sai dai abin ya koya masa da kansa.

Cikin Yuni ƙwan suka kumbura, baƙinsu ya sirance har kana hango ɗan a ciki yana juyi. Aniello ya kwaso nasa ya kai gida. Babu inda zai ɗauke su sai bahon wankan Brigida. Ya zuba yashi a ciki, ya sayo ɗan injin hura iska, ya riƙa zuwa gindin dutsen da jarkoki safe da yamma yana ɗebo ruwan kumfar, yana toshe bakinsu tam don kada ƙarfin ya gudu. Brigida ta koma wanka a gidana, tana zuwa da tawul a kafaɗa tana faɗa tun daga kan titi.

"Shekara nawa ina aure, yau kifi ya kore ni daga banɗakina! Titina, da kin san abin da ke cikin gidan nan kika bari na shigo?"

"Na gaya miki, kika ce kunnuwansa sun burge ki."

Nawa ma suka fashe. Na juye su a tsohon kwamin dutse da ke tsakar gida, inda Costanzo ke wanke taru, ina canja musu ruwa da bokiti daga matakala. Abincinsu 'yan mitsi-mitsin jatan lande ne da nake tacewa da rariya a cikin ciyawar ruwa. Ban taɓa zaton zan tsufa ina kallon kifi ba, amma sai na riƙa kai kujerata can in ja carbi. Kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, amma komai na manya yana da shi. In ya sauka a yashi sai ya karkaɗa jiki, ya watsa ƙasa a bayansa da hannu, ya zama yashin. In jatan lande ya gifta sai ya taso a hankali, launi na gudu a jikinsa kamar inuwar gajimare, ya tsaya, ya harba dogayen hannuwan nan biyu da yake ɓoyewa. Kafin ka ƙifta ido an gama. Ran nan gicciyen carbina ya yi lilo a kan ruwan, wani ya fesa masa tawada ɗigo guda ya gudu. Na ce Allah ya yafe maka, ba ka sani ba.

Da na je ganin na Aniello sai na tarar da abin ba kyau. Da yawa ba su fashe ba ma. Waɗanda suka fito ƙanana ne, suna kwance a gindin baho kamar waɗanda suka ci suka ƙoshi, alhali ba su ci ba. Na wuce da hannuna ta samansu, inuwa ta rufe su, babu wanda ya motsa ko ya sauya. Aka saka jatan lande. Wani ya taso da ƙyar, ya auna, ya harba, ya kama iska. Jatan landen ya zagayo ya zauna masa a ka.

"Ka gani?" na ce.

"Na gani. Naki 'ya'yan talakawa ne, dole su yi ta fafutuka. Nawa manyan mutane ne, hutawa suke."

"Manyan mutane ma sukan ci abinci, Anié."

Bayan 'yan kwanaki na ga ya daina zuwa gindin dutsen, yana ɗiban ruwa a gaɓar kowa da kowa, da sassafe don kada a gani. Ya kira Ornella da kansa. Ta zo ta duƙa a banɗakin ta daɗe tana kallo, ba ta ce na gaya maka ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce ba za ta iya rantsewa ruwan ne kaɗai ba, baho ma ba teku ba ne, amma ya ci gaba da ruwa mai kyau, wataƙila wasu su farfaɗo.

Daga nan ya buɗe makaranta. Yana kama jatan lande da matsefatar girar Brigida, ya karya masa ƙafa don ya rage gudu, ya miƙa a gaban ɗalibi. In ɗalibi ya kuskure sai ya nuna masa da yatsu biyu.

"Haka ake yi, ɗan banza! Ka auna, ka tsaya, ka harba! Ubanka da hannuna na kama shi, jarumi ne, katako ya tasar wa da faɗa!"

Brigida na bakin ƙofa. "To ai gadon hankalin ne ya bi su."

Muna dariya, amma kowace safiya yana tsame matattu da cokali. Kullum ya je gaida Fortuna a gadonta sai ta tambaye shi, "Baba, ya yarana na baho?" Ya ce suna nan kamar bijimai. In ya fito sai ya tsaya a matakala ya daɗe yana murza hula. Mutumin da ke cin taliya faranti biyu ya koma tura rabi gefe.

Na same shi na ce, "Nawa suna nan, sun yi ƙiba. Ka ɗauka."

"A'a. Ni na yi bakance, ba ke ba. Santa Anna ba ta karɓar kayan aro."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke in kika yi alkawarin azumi, ni nake yi miki?"

Wannan ta ɗaure ni. Na kai maganar wurin Don Emiddio, limamin cocinmu, bayan addu'ar safe. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Donna Titina, shekarun da na yi a makarantar limamai ba a koya mana hukuncin renon kifi ba. Me ya faɗa daidai a bakancen?"

"Zai mayar da su da hannunsa, rayayyu, masu iya ciyar da kansu."

"Ya ce a bahon wa za su tashi?"

"Bai ce ba."

"To ni ma ban ce komai ba," in ji shi, ya mayar da tabaransa.

Ranar bikin kowane gida yakan fita a kwale-kwale da abinci, a ci a kan ruwa a gaban ɗakin Santa Anna. Brigida ke kawo yalo da cuku, ni ke kawo zomo a babbar tukunyata ta ƙasa, haka muke yi tun Costanzo na da rai. Muka fita da la'asar kafin ruwan ya cika da jirage. Brigida ta sha farar rigarta ta biki. Na shigo da tukunyata a naɗe da zane, na ajiye ta tsakanin ƙafafuna na riƙe murfin.

"Yau zomon ba ya ƙamshi," in ji Brigida.

"Murfin ne ya kama da kyau."

Aniello ya ja filafili. Ya tuƙa mu nesa da kumfar, zuwa wani wuri mara zurfi mai farin yashi da ciyawa a gefe. Ragowar ɗalibansa na cikin daro, ba su fi a rufe da tafin hannu biyu ba. Ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya karkata daron a hankali. Sannan ya ɗauki bokitinsa mai gindin gilashi ya kifa a ruwa yana kallo. Ni ma na leƙa ta gefensa.

Suka sauka kamar tsakuwa. Suka kwanta a kan farin yashi, baƙaƙe, kowa na ganinsu. Wani ɗan kifi mai zane, wanda ko yara ba sa ɓata ƙugiya a kansa, ya fito daga ciyawa ya ɗauki ɗaya. Ya dawo ya ɗauki wani. Aniello ya buga filafili a ruwa yana zaginsa har kakanninsa, kifin ya matsa kaɗan ya kira 'yan'uwansa. Biyu ko uku na ga sun ja jiki sun shige ciyawa, ban san abin da ya same su ba.

Ya ɗago. Fuskarsa ta yi fari kamar ƙashin da yake shanyawa.

"Ban biya ba, Titì. Abinci na kawo wa kifi. Yarinyar nan..." Bai ƙarasa ba.

Brigida ba ta iya ganin mijinta haka. Abin da ta sani kawai shi ne ciyarwa. Ta ce, "Ci wani abu tukuna, ka ji," ta sunkuyo ta fizge zanen, ta ɗaga murfin tukunyata ta kai fuska.

Ban san ko hasken ne ya firgita su ko fuskar ba. Ruwan tukunyar ya koma baƙi nan take, jirgi ya yi tangaɗi, ya fallatso mata daga wuya har cinya.

"Wayyo Uwar Yesu! Titina! Zomon ya rube ya yi ruwa!"

Aniello ya leƙo. Tawadar ta lafa kaɗan, ga su nan suna zagaye tukunya, ƙosassu, suna sauya launi don fushi.

"Na ce miki ba na son aro."

"Ba aro ba ne. Wa ya roƙo reshen a wurin masunta?"

"Ni."

"Wa ya jefo mini shi a cinya ya ce na talakawa ne?"

Ya sosa ƙeya.

"Naka ne, Anié. Riƙo ka ba ni, na riƙe, ga su na dawo maka da su. Santa Anna kaka ce, ta san ɗan da aka ba wata ta rena bai tashi daga na ubansa ba. Hannunka ka ce, ba bahonka ba. Miƙo hannun."

Ya dubi ɗakin da ke kan duwatsu, ya dubi tukunyar. "In ta ƙi fa?"

"In ta ƙi, ni za ta tambaya. Kullum muna tare."

Ya matsar da jirgin gaba kaɗan, nesa da masu zanen nan. Ya ɗauki tukunyar da hannu biyu, ya nutsa bakinta a ruwa ya bar su suka fita da kansu. Ya jawo bokitin gilashi da sauri ya kifa. Ya duba nan, ya duba can. Ya sunkuya har Brigida ta riƙe masa wando.

"Ina suke? Titina, babu ko ɗaya! Yashi kawai!"

"To ai shi ke nan."

"Shi ke nan me? Ina shaida? Me zan nuna mata?"

"Ka daina motsi, ka zuba ido wuri ɗaya."

Ya yi tsit. Muka jira, jirage na ta wucewa da kiɗa, ana ɗaga mana hannu ana tambayar me ya faɗa ruwa. Can sai na ji ya ja numfashi.

"Ga idanu a cikin yashi. Ga wani abu zai wuce... ya taso... ya tsaya..." Ya buga cinyarsa. "Ya kama! Tashi ɗaya! Brigida, tashi ɗaya! Ɗana ne wannan, wallahi ɗana ne!"

"Ɗazu na talakawa ne," in ji Brigida tana matse riga.

Ya zauna a bakin jirgin ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na motsi. Muka ba shi lokaci. Da ya sauke hular ya ciro waya ya kira Fortuna, bai ko yi sallama ba ya ce, "An biya. Ki kwanta da kyau." Sannan ya juyo ya dube ni da jajayen idanu.

"To, ina zomon?"

"Yana gida a keji yana cin ganye. Tukunya ɗaya gare ni."

A tsakiyar jiragen da ke ta ƙamshin nama, mu yalo da burodi muka ci, Brigida na zaune da baƙin tabo tana ba duk wanda ya matso labari, kowane karo tukunyar na ƙara girma.

Fortuna ta sauka cikin Agusta, namiji, ƙarami amma da murya. Aka bar mu muka shiga da yamma. Brigida na kuka, ni ina godiya ga Ubangiji a zuciyata, Aniello kuwa ya tsaya a bakin gado da hula a hannu yana leƙen jaririn ta wannan gefe da wancan. Da ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa sai ya tare ta, ya rage murya.

"'Yata, don Allah in tambaye ki. In an ba shi nono, yana kamawa tashi ɗaya, ko yana kuskure?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi Brigida.

"Ki ba shi amsa kawai," in ji Brigida. "In ba haka ba gobe zai zo da matsefata."